Waiwaye: Katin Baffa da Fartanyar Baba

Ranar sadakar bakwai ta Baffa aka fito da adakarsa tsakar gida, aka buɗe a gaban magada. Ba a sami wani abin a zo a gani ba: riguna biyu na shadda da suka sha wanki har suka koɗe, da carbi, da takardar sayen wata 'yar gona, sai wani abu ƙunshe a leda an naɗe shi da zaren saƙa. Autansa ya ce laya ce, kada a buɗe. Da na warware sai ga kati ruwan ƙasa, gefensa duk ya cinye. A gaba hoton Baffa ne yana saurayi, hula a karkace, ga lambarsa ta aiki, ga hatimin ƙungiyar ma'aikatan masaƙar da ya yi wa aiki a Bompai. A baya kuwa layuka ne na biro, wata bayan wata, kowane da sa hannun ma'aji a gefe: kobo 20, kobo 20, kobo 20. Yaran gidan suka yi ta dariya, wai dubi abin da tsoho ya ɓoye sai ka ce takardar fili a Nasarawa. Na roƙi 'ya'yansa su bar mini shi, suka bar mini.

Garinmu yana tsakanin Ungogo da Minjibir, a ƙasar da babu daji ko na ɗaurin akuya. Gona tana jingine da gona, kowace ɗorawa da kowace kuka an san mai ita. Tun kafin a haife mu ba a barin gona ta huta a nan, taki ne ke riƙe da ita. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su komo da mangaloli cike da shara da toka. Amma ko ƙasa ta kai ƙasa albarka, gado yana yanka ta. Gonar kakanmu da ta ciyar da gida guda, da aka raba ta shida sai kowa ya tashi da abin da bai fi a nome kafin azahar ba. Dole wani ya fita nema. Mahaifina, da yake shi ne babba, ya zauna a kan gandu. Ƙanensa, Baffa, wanda ya tashi yana jefa ƙoshiya a masaƙar gargajiya kamar sauran samarin yankin Minjibir, ya hau hanyar birni a 1969 ya zama leburan injin saƙa.

Katin da ya samo a can yana da tarihin da ya girme shi nesa ba kusa ba. A Ingila aka fara, lokacin da injuna suka tara dubban mutane a ƙarƙashin rufi ɗaya, mai kamfani ɗaya yana yanka musu lada yadda ya ga dama. Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta tarihin shi ne, waɗanda 'yan ƙwadagon Ingila suka fi tunawa da su har gobe ba ma'aikatan kamfani ba ne, 'yan ƙwadagon gona ne. A 1834, a wani ƙauye da ake kira Tolpuddle, mutum shida suka yi rantsuwar haɗa kai saboda ana ta zaftare musu ladan mako. Aka kama su, aka yanke musu shekara bakwai a Ostireliya, sai da jama'a suka yi ca kafin a yafe musu. A 1886 kuma ma'aikatan Shikago ta Amurka suka fito neman a tsayar da aikin yini a awa takwas, aka zubar da jini. Daga nan ne 1 ga Mayu ta zama ranar ma'aikata.

A ƙasarmu, akawunan gwamnati ne suka fara kafa ƙungiya a Legas a 1912, shekarar da gyaɗar Kano ta fara cika taragun jirgin ƙasa. Malaman makaranta suka kafa tasu a 1931. Turawa ba su yi dokar rajistar ƙungiyoyi ba sai 1938. Daga nan Michael Imoudu na ma'aikatan reluwe ya zama ƙadangaren bakin tulu. A watan Yunin 1945, da tsadar yaƙin duniya ta ishi kowa, ma'aikata suka ajiye aiki sama da kwana 40, jirgi ya tsaya cak, waya ta yi shiru. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka harbe mahaƙa kwal 21 a Inugu. A nan Arewa, Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948, shekara biyu kafin a kafa jam'iyyar NEPU.

Kada wani ya ɗauka Bature ne ya koya mana haɗa hannu. Muna da sarkin noma da sarkin maƙera da sarkin fawa da sarkin aska, kowane yana raba gardama a cikin sana'arsa, yana kuma yi mata magana a fada. Muna da gayya. Na tashi na ga samari talatin sun jeru a gonar surukin abokinsu, gangar noma tana tashi, ƙura ta turnuƙe, mata suna tahowa da ƙoren fura a ka. Kafin la'asar an gama abin da mutum ɗaya zai yi mako biyu yana fama. Sai dai a gayya babu mai gida babu bara. Wanda aka yi wa yau, gobe shi ma yana cikin sahu a gonar wani. Ƙungiyar ƙwadago kuwa ta taso ne a inda mutum ɗaya ke da inji, mutum ɗari biyar ba su da komai sai ƙarfinsu. Idan lebura ɗaya ya yi ƙorafi, helima zai nuna masa ƙofa, ga wasu hamsin a waje suna jiran gurbinsa. Idan duka suka zauna, inji ne zai yi shiru, shirun inji kuwa manaja ba ya iya barci da shi.

Ina ɗan shekara takwas na ga amfanin wannan da idona. A farkon 1975 gwamnatin Gowon ta biya ma'aikatanta ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya ba da shawara, har da ariyas tun daga Afrilun 1974. Ma'aikatan kamfanoni ba sa ciki, sai da suka tashi tsaye. Baffa ya ce kwana uku suka yi a bakin ƙofar masaƙa, ba wanda ya shiga, ba wanda ya tafi gida. In lokacin salla ya yi su shimfiɗa kwali su yi jam'i a nan. Ran na huɗu aka kira wakilansu ofis.

Wata Juma'a da yamma sai ga shi a kan sabon keke Raleigh, ko takardar jikin ƙarfen bai ɓare ba, rediyo a rataye a wuya, turmin atamfa biyu ɗaure a kariya. Muka bi shi da gudu har gindin ɗorawar ƙofar gida, inda Baba yake zaune yana sa wa fartanya sabuwar ƙota.

"Yaya, Udoji ya iso," in ji Baffa.

Baba bai ɗago ba. "Wane ne kuma Udoji? Sabon Di'o aka kawo?"

"Ƙarin albashi ne, Yaya. Har da na baya aka haɗo mana."

"To madalla, Allah ya sa albarka. Mu kuma yaushe namu Udojin zai zo?"

Baffa ya sosa ƙeya. "Ai ku ba ku da ƙungiya."

Baba ya buga ƙotar a ƙasa sau biyu don ta zauna, sannan ya ce, "Muna da ita mana. Hadari ke nan. In ya haɗo mu yi dariya, in ya watse mu yi tagumi."

A shekarar nan hadarin bai yi mana rana ba. Ba mu gama farfaɗowa daga farin 1973 ba, sai darɓa ta sauka a kan gyaɗa ta kawo kuturta, ganye ya ƙanƙance ya yi rawaya, aka tuge ba 'ya'ya. Daga wannan damina gyaɗar Kano ba ta sake komawa yadda take ba, dalar gyaɗa ta zama labari. A kasuwa kuwa Udoji ya riga mu isa. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 1975. Gishiri da kananzir da sabulu duk suka tashi, ga mai albashi da marar albashi baki ɗaya. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: kuɗin Baffa ne suka biya harajin gidanmu a shekarar, su ne suka sayo dawar da ta kai mu kaka. Yajin da aka yi a Bompai ya ƙara mana tsada a kasuwa, ya kuma sa mana tuwo a akushi.

Maganar Baffa ta ranar ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Manomi shi ne ya fi kowa yawa, shi ne kuma ya ciyar da baitulmali, amma ba a taɓa ba shi kujera a inda ake yanka farashin guminsa ba. Tun daga 1949 hukumar gwamnati ce ke tsayar da kuɗin gyaɗa, ƙasa da abin da take sayarwa a Turai, rarar ta tafi gina hanyoyi da makarantu da ofisoshi. Kafin kuɗin ya iso hannun manomi kuma, wakilin saye ya ci, ɗan baranda ya ci, mai sikeli ya taɓa nasa. Abin da ya fi kama da ƙungiyar manoma a wancan zamani jam'iyya ce, wato NEPU, kuma an san irin ɗauri da dukan da 'ya'yanta suka sha a ƙauyuka. Sai a 1979, da jam'iyyar PRP ta ci Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ranar da aka faɗa a rediyon Baffa, Baba ya ce, "To, yau namu Udojin ya zo." Gwamnatin nan ce kuma ta ba da hutun 1 ga Mayu a 1980, shekara guda kafin tarayya ta bi sahu.

Waɗannan shekaru su ne ganiyar ƙungiya. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, Hassan Sunmonu ya zama shugaba. A Mayun 1981 suka yi yajin gama-gari, aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 125, lokacin naira ta fi dala daraja, kuɗin ya kai kimanin dala 200. Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki dare da rana. Da asuba hanyar garinmu kan cika da kekuna, fitilu suna ƙyalli kamar taurari sun sauko.

A sauye-sauyen 1978 ɗin nan akwai wata doka da Baffa bai taɓa yafewa ba. Ita ce ta wajabta a cire kuɗin ƙungiya daga albashi tun a ofis. Shi ya sa layukan bayan katinsa suka tsaya a wannan shekara. Ƙungiya ta yi kuɗi, ta gina sakatariya, ta sayi motoci. Amma ga abin da ya gaya mini wata rana muna ɓarar gyaɗa a zaure: "Ɗana, da ma'aji shi ke bin mu inji-inji yana karɓa. Kafin ka ba shi kobo ashirin ɗinka sai ka tambaye shi, ina maganar wane da inji ya cinye wa yatsa? In ba amsa, ka mayar da kuɗinka aljihu. Da aka koma cirewa daga sama, sai mu ne muke neman shugabanni, ba su ke neman mu ba."

Sauran labarin kowa ya sani. A 1986 Babangida ya kawo tsarin SAP, naira ta faɗi, kayan gyaran inji da zare suka gagari kamfanoni, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona. Sojoji suka rusa shugabancin NLC a 1988, suka sake a 1994. Wuta ta zama sai an ga dama, atamfar waje ta cika Kantin Kwari. Masaƙun Kano da na Kaduna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. A 1997 Baffa ya je aiki ya tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne. Shekara uku ƙungiya tana bin haƙƙinsu, daga ofis zuwa ofis, a ƙarshe aka ba su wani abu daga ciki. Da shi ya sayi 'yar gonar nan da takardarta ke cikin adaka. 'Yan wucin gadi da ba su da kati, ko sisin kobo ba su gani ba. Ya dawo gida da tari a ƙirji saboda ƙurar auduga, ya ɗauki fartanya ya bi bayan yayansa.

Ban ce ƙungiya ta mutu ba. A Janairun 2012, da aka ɗaga litar fetur daga naira 65 zuwa 141, yajin aiki da zanga-zanga ne suka sauko da ita 97, Kano kuma tana sahun gaba. A 2024 ƙungiya ce ta ja har aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ko da yake kuɗin bai kai dala 50 ba. Malamin firamare na garinmu da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ba don ƙungiya ba da ba su da inda za su kai kuka. Amma dubi wannan. Ranar 3 ga Yuni 2024 'yan ƙwadago suka kashe wutar ƙasa gaba ɗaya, filayen jirgin sama suka tsaya, Abuja ta rikice. Ina gida a ranar. Ba wanda ya lura, don rabonmu da wuta an fi wata. Kowa hankalinsa yana gabas, ana duban hadari, iri yana ƙulle a buhu.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya ba sa cikin aikin ofis ko kamfani mai tsari. Dokar mafi ƙarancin albashi kanta ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta cire aikin gona na damina. Ka fito bakin masallacin garinmu bayan asuba a watan Yuli ka ga waɗanda ake nufi. Samari ne a tsugune, kowa da fartanya a kafaɗa, wasu jikokin waɗanda suka yi aiki da Baffa. Mai gona zai zo a kan babur ya ce jinga ce, ga gona kaza, nawa za ku nome? Babbansu ya faɗi kuɗi. Mai gona ya yi tsaki ya tayar da babur. Kafin ya kai kwana, biyu sun bi shi da gudu sun karɓa a rabin kuɗin. Ba na ganin laifinsu, a gida ba a ɗora tukunya ba. Amma abin da mutanen Tolpuddle suka yi rantsuwa a kansa ke nan shekara kusan 200 da suka wuce, mu kuma har yau muna nan.

Ƙungiyoyin manoma kuwa ba a rasa su ba, sai dai a duba irinsu. Ni kaina na taɓa zama sakataren wata. An ce gwamnati za ta ba da taki da bashi, amma sai ga masu rajista. Cikin mako guda muka tara sunaye, muka buga hatimi, muka yi hoto. Taki ya zo sau ɗaya, a ƙarshen Agusta, gero ya riga ya fitar da kai. Rabin buhunan ma a mota suka canja hanya. Da aka kira taro na gaba mutum huɗu suka zo. Ba wanda ya tambayi lissafi, don ba wanda ya zuba ko kobo. Kayan banza, an ce, ba a yi masa ƙulli.

Ka kwatanta da adashin matan gidanmu, wanda ya fi shekara talatin yana zagayawa ba hatimi ba shugaban karramawa. Uwar adashi ba ta isa ta yi kwana da kuɗin kowa ba, don kowace ta san abin da ta zuba. Ka dubi 'yan dakon kasuwar Dawanau, yadda suke da kuɗin ɗaukar buhu sananne da layi da shugabanni, baƙo ba ya faɗowa ya karya farashi. Ka tuna 'yan A Daidaita Sahu a 2021 da 2022, da suka ajiye baburansu a kan kuɗaɗen da aka ɗora musu, birnin Kano ya koma tafiyar ƙasa har sai da aka zauna da su. Ba ɗayansu da ke da albashi ko fansho. Abin da suke da shi, kowa yana zuba wani abu daga aljihunsa, kowa kuma yana iya rasa wani abu in tafiyar ta lalace.

Darasin da na karanta a bayan katin Baffa ke nan. Ƙungiyar da aka kafa don a karɓa, ranar da rabo ya ƙare ranar take watsewa. Wadda aka kafa da karo-karo, mai zubi shi ne mai tsaronta, shugaba kuma ba ya nisa da wanda ke ciyar da shi. Shugabannin ƙwadago na Abuja da Kano, idan suna son sunan ya ci gaba da nauyi, sai su sauko inda ƙwadagon yake, bakin masallaci da bakin kasuwa da bakin fadama. Mu kuma na karkara mu daina jiran a zo a yi mana rajista. Manoma goma da za su ajiye buhu ɗai-ɗai a ɗaki guda da kaka, su ƙi sayarwa sai bazara, su sayi taki tare tun kafin ruwa ya sauka, su karanta lissafi da babbar murya a gaban kowa, sun fi ƙungiya mai suna dubu a takarda. 'Yan ƙwadago ashirin da za su yarda cewa ba mai bin babur da gudu, su kuma tanadi ɗan abin da za a ba wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba a ranar, sun kama hanyar da Imoudu ya bi.

Jiya na sake ɗauko katin na bi layukan da yatsa. Na tsaya a kan Agustan 1973, tsakiyar fari, watan da na tuna Inna tana dafa mana tafasa da ɗan ƙanzo mu kwana a kai. Duk abin da Baffa ya samu a lokacin gida yake aikowa. Amma ga layin nan, bai tsallake ba: kobo 20, da sa hannun ma'aji a gefe.